Kamu, taƙi da gaba: tarihin hannu da ƴan uwansa a bakinmu

Makon jiya jikata da ke aji uku ta dawo daga lakwal da aikin gida. Mushensu ya ce kowa ya zo da kalmomi biyar masu ma'ana kusa da "hannu". Ta samu ɗaya, tafi, ta tsaya cak. Ta tambayi uwarta, uwar ta ce hannu dai hannu ne, ta je ta tambayi kakanta tun da shi ya ci alli shekara talatin. Ta same ni a zaure. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don tambayar ta tono mani wani laifi nawa da na daɗe da binnewa.

Shekarata ta farko da fara koyarwa, a wani ƙauye arewa da Tasawa, na zana mutum a allo ina koya wa yara sunayen gaɓoɓi da Faransanci. Na nuna "la main", na ce mene ne wannan da Hausa? Wani yaro ya ce hannu. Na nuna "le bras", ya sake cewa hannu. Ajin ya fashe da dariya. Ni kuma, da ƙuruciya da sabon albashi a aljihu, na ce musu: kun gani, Hausa ba ta da kalmomi, shi ya sa muke koyon Faransanci. Yaron ya sunkuyar da kai. Bai yi kuskure ba ko kaɗan. Ni ne ban san harshen da na sha a nono ba, kuma yara fiye da arba'in suka tafi gida da maganata. Malamai ƴan uwana, na san ba ni kaɗai na taɓa faɗin irin wannan ba.

Gaskiya ce, hannun Bahaushe tun daga kafaɗa ya faro har ƙarshen yatsu. Bafaranshe ya yanka abin gida biyu a wuyan hannu, ya ba kowane yanki suna. Mu ba a nan muka yanka ba. Kuma ba mu kaɗai ba ne: kalmar Larabci "yad" ita ma haka take da faɗi. Shi ya sa ayar alwala a Suratul Ma'ida ta faɗi iyakar wankin, wato gwiwar hannu, don da an bar kalmar haka nan da ba a san inda za a tsaya ba. Wanda ya yi karatun zaure ya san wannan tun a Ahalari da Ishmawi. A alwala ana kai wa gwiwar hannu. A taimama kuma, a mazhabar Malikiyya, farilla ta tsaya a wuyan hannu, ƙarasawa zuwa gwiwa sunna ce. Wato tun kafin a gina ajin boko ko ɗaya a ƙasar nan, malaman zaure suna rarrabe wa almajirai sassan hannu dalla-dalla da Hausa, domin ingancin salla ya rataya a kan sanin su.

To ga su nan, waɗanda na kasa kawo wa yaron nan. Akwai tafi, cikin hannu ke nan, wanda ƙafa ma tana da nata, kuma daga gare shi muka samu tafawa da tafin da ƴan mata ke yi a dandali. Akwai bayan hannu. Akwai wuyan hannu, wasu su ce tsintsiyar hannu. Akwai sangali, akwai gwiwar hannu, akwai damtse, wanda ake zagewa in aiki ya taso. Hannun da aka dunƙule daban yake da wanda aka buɗe, hannun da ya guntule kuma dungu ne. In na kyanwa ne ko na zaki, sai a ce dagi. Har bugun da hannu ke yi ba mu haɗa shi a suna ɗaya ba: mari da tafi ake yin sa, naushi da dunƙulallen hannu, dundu a baya yake sauka, ranƙwashi kuma a ka. Duk yaron da ya girma a gidan yawa ya san bambancinsu fiye da kowane ƙamus.

Wata kalma ɗaya ta cancanci a dakata a kanta, don tana haddasa jan biro a kayen yara ba gaira ba dalili. A Kano, yatsa shi ne "doigt", farce kuma shi ne abin da ake yankewa a bakinsa. A yammacin ƙasar Hausa, wajen su Tawa da Ƙonni da Sakkwato, farce shi ne yatsan kansa, abin yankewar kuma akaifa ko ƙumba. Haka jam'in hannu: wani ya ce hannaye, wani ya ce hannuwa. Littattafan Hausa da yawa da suka shigo mana daga Zariya da Kano suka zo, sai malami ya ɗauka abin da ke cikin littafi shi ne daidai, abin da yaro ya ji a bakin kakarsa kuskure ne. Alhali ko manyan ƙamusoshin ba su yi wannan hukunci ba. Bargery, wanda ƙamusunsa ya fito a 1934, yakan sa alama a gaban kalma ya nuna ta Katsina ce ko ta Sakkwato ko ta Gobir. Kafin shi, Landeroin, tafintan tawagar Tilho da ta bi iyakarmu da Najeriya tsakanin 1906 da 1909, a wannan yanki namu ya tattara Hausar da suka buga. Daga baya Abdu Mijinguini ya fitar da Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci a Yamai a 1987. Wanda ya soke wa yaro "farce" da jan biro bai buɗe ko ɗaya daga cikinsu ba.

Amma inda tarihin yake da nama shi ne wajen awo. Kalmomin da suka fi kusa da hannu a rayuwar kakanninmu ba sunayen gaɓoɓi ba ne kawai, ma'aunai ne. Taƙi: daga kan babban yatsa zuwa kan na tsakiya in an ware su. Kamu: daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu, kusan rabin metir ga babban mutum. Malamai sukan ce zira'i, aron Larabci ne, ma'anarsu ɗaya. Gaba: a miƙe hannuwa biyu, daga ƙarshen yatsun dama zuwa na hagu, a ratsa ƙirji. Kuma suna shiga cikin juna: taƙi biyu ya yi kusan kamu, kamu huɗu ya yi kusan gaba. Ba wani sarki ya yanka wannan doka ba, haka Allah ya ƙera jikin ɗan Adam. Wanda yake shakka ya tashi yanzu ya gwada.

Ƙanen mahaifina maginin rijiya ne. Ban taɓa jin ya faɗi zurfin rijiya da wani abu ban da gaba ba. Zai zura igiya da dutse a bakinta har ya ji ta taɓa ruwa, ya jawo, yana ware hannuwa yana ƙirgawa, igiyar tana taruwa a ƙafarsa. Da gaba ake yin jinga da shi, da gaba ake sayen igiyar guga. In ya ce ƙauye kaza ruwansu gaba talatin ne, kowa ya san wahalar matan garin, ya san ko za a iya ja da hannu ko sai an ɗaura wa sa. Kirarin nan na "rijiya gaba dubu" da ake yi wa mai zurfin ciki ko mai zurfin ilimi daga nan ya fito, kuma na tabbata yawancin ƴan makarantarmu na yau suna jin "gaba" ɗin nan a matsayin kishiyar baya.

Tufa kuma da kamu take tafiya. Masaƙarmu ta gargajiya siririn ƙyalle take fitarwa mai tsawo, a naɗe shi, a yanka kamu-kamu, a jera a ɗinke ya zama zane ko riga. A Barno, wadda Damagaram ta daɗe tana kai wa gaisuwa, irin wannan siririn saƙin auduga da ake kira gabaga kuɗi ne sosai, da shi ake ciniki a kasuwa. Bature Denham ya tarar da haka a Kukawa wajen 1823. Ka ga ke nan tsawon ƙyalle shi ne darajar kuɗi, kuma jikin mutum shi ne ma'aunin. Nan fa ake yin ta. Tsofaffi suna ba da labarin yadda mai saye yakan zo da dogon mutum ya auna masa, mai sayarwa kuma ya fi son gajere. Ban san ko an yi haka kullum ba ne ko raha ce ta kasuwa, amma matsalar ta gaske ce, kuma ba mu kaɗai ta dama ba. Misirawan dauri sai da suka sassaƙa kamun sarki a itace da dutse, santimetir 52 da ɗoriya, aka raba shi tafi 7, kowane tafi yatsu 4, don kada kowa ya zo da nasa hannun.

Ƙirga ma hannu ne. Heinrich Barth ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, ya ga yadda ake ƙirga wuri: ba a shirya shi a zare kamar yadda ake yi a bakin teku, ana jan sa ne biyar-biyar da yatsu, a tara tsibi na 200 ko na 1000. Ya ba da labarin ranar da aka ƙirga wuri 500.000, sai da mutum biyar ko shida suka taru a kai. In na tuna da wannan nakan ji haushin yadda muke tsawata wa ɗan aji ɗaya in mun kama shi yana lissafi da yatsu a ƙarƙashin tebur. Fataken da suka riƙe kasuwanci daga Kano zuwa Agadas da yatsun nan suka riƙe shi. (Kada dai wani ya ce dalarmu ta tamma biyar daga yatsu biyar ta samo asali. Sunan tsohon kuɗin azurfa ne na Turai da ya yi yawo a kasuwanninmu, aka liƙa wa ƙwandalar Faransa.)

Hatta mudu, wanda muke gani kamar ƙwarya ce ko kwano, asalinsa hannu ne. Kalmar Larabci ce, kuma Firuzabadi mai Ƙamusul Muhiɗ ya bayyana shi da cikin tafuka biyu na matsakaicin mutum in ya haɗa su ya cika. Shi ne mudun Annabi da ake auna zakkar fid da kai da shi, huɗu ga kowane mutum. Tiyar kasuwa ta girme shi nesa ba kusa ba, kuma ita ma ta wannan gari ba lalle ta yi daidai da ta wancan ba. Tafiyar da ake yi wa ƙasaru, mil 48 a Risala, shi ma mil ɗin da zira'i malamai suka lissafa shi.

Sai metir ya zo. Abin da ba a gaya mana a lakwal ba shi ne Faransawan da suka kawo shi su ma jiya-jiya suka rabu da awon jiki. Suna da "pouce", babban yatsa ke nan. Suna da "pied", ƙafa. Suna da "coudée" daga sunan gwiwar hannu, kamunmu sak. Suna da "brasse" daga "bras", gabarmu sak, kuma su ma igiya da zurfin ruwa suke aunawa da ita. Kowane lardi da nasa, talaka yana cutuwa wajen biyan haraji da hatsi. Bayan juyin juya halinsu suka nemi ma'aunin da ba na jikin kowa ba. Suka tura masana biyu, Delambre da Méchain, suka share daga 1792 zuwa 1798 suna auna tazarar Dunkerque zuwa Barcelona, don a fitar da kashi ɗaya cikin miliyan 10 na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da tsakiyarta. Dokar 1795 ta kafa metir, amma mutanensu suka ƙi sakin abin da suka saba, har sai da wata doka ta 1837 ta tilasta shi daga farkon 1840. Wato lokacin da sojojinsu suka ci Damagaram a 1899, bayan yaƙin Tirmini, metir bai cika shekara 60 da zama dole a ƙasarsu ba. Kakannin sojojin nan da ƙafa da babban yatsa suka yi awo.

Ba zan yi wa metir butulci ba. Ya raba gardamar dogo da gajere, kuma ba a gina asibiti ko a auna maganin yaro da taƙi. Abin da nake ƙi shi ne yadda aka shigo da shi aji: ba a ce wa yaro ga kamun kakanka, ga aibinsa, ga abin da ya gyara shi ba. An yi kamar kafin zuwan Nasara ba wanda ya taɓa auna komai a ƙasar nan. Mu da muka yi karatu a zamanin sambol, wanda aka kama yana Hausa a farfajiyar makaranta a rataya masa, mun san doguwar regil ɗin katako ta metir ɗaya ta hanya biyu: a allo, da kuma a kan yatsunmu in an ce mu tattara su.

Kasuwa kuwa ba ta bi lakwal duka ba. Je ka wajen masu atamfa a Maraɗi, yadi za ka ji, turmi yadi shida, don kayan da lissafinsu ta hannun Ingilishi suka biyo. Kafinta yana cewa inci. Su Ingilishin ma har gobe tsawon doki da "hannu" suke faɗinsa, inci 4 kowane ɗaya. A ƙauye kuma igiya tana nan a gaba, kuma ranar da aka yi rasuwa, masu yankan likkafani da masu gyaran kabari ba su neman metir; kara ko igiya da kamu da taƙi sun ishe su.

Saura dama da hagu, ko hauni kamar yadda da yawanmu ke cewa a nan. Waɗannan biyun ba su taɓa zama daidai a bakinmu ba. Na hannun daman sarki shi ne amininsa. Samun dama samun hali ne. Hauni kuwa, a fadojin dauri, sunan mai sare kan wanda aka yanke wa hukuncin kisa ne. Bahago mai amfani da hagu ne, amma in an ce al'amari ya zama bahago, ko mutum bahago ne, an san ba yabo ba ne. Larabci ma haka ya yi, har ya kai abin ga taswira: in ka fuskanci gabas, Yaman tana damanka, Sham tana hagunka, sunayensu ke nan. A filin dambe ne kawai na ga bahago yana da farin jini, don abokin karawa bai saba da inda mashinsa ke fitowa ba.

Uwaye, a nan ina da magana da ku, da mu malamai ma. Ci da dama da gaisuwa da dama da miƙa abu da dama ladabi ne na addini da al'ada, kuma bahagon yaro yana iya koyonsu ba wahala. Rubutu daban ne. Na ga yaran da aka ɗaure wa hagu, na ga waɗanda aka doka har suka tsani alli, aka ce ba su da ƙwaƙwalwa alhali hannun da ke musu aiki aka hana su. Wata yarinya da na koyar a aji biyu ta yi wata uku ba ta rubuta layi ɗaya mai karantuwa ba. Ranar da na kau da kai na bar ta ta ɗauki allin da hagu, kafin a tashi ta cika ardo. Sai da na je gidansu har sau biyu kafin mahaifinta ya yarda cewa ba cin tuwo ba ne.

Akwai ma lokacin da dama da hagu suka zama maganar iyakar ƙasa. Mu mun gāji tuƙi ta dama daga Faransa, Najeriya ta gāji na hagu daga Ingila. Direban da ya taso daga Maraɗi zuwa Katsina sai ya sauya gefe in ya wuce Ɗan Isa ya shiga Jibiya. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma dama, aka kira abin canjin hannu. Kalmar ta zauna: har yau direba yakan ce wa ɗan uwansa "ka shigo hannuna", ba kuwa tafinsa yake nufi ba. Haka "sa hannu" ta samu sabuwar ma'ana da zuwan takardun gwamnati, wanda bai iya ba kuma aka ce ya dangwala yatsa. Haka hannun jari, haka wayar hannu. Kalmar ba ta daina haihuwa ba.

An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma a 2025 an rubuta a kundin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa. Amma takarda ba ta shiga aji ta koyar. In malamin da ke gaban yara bai san taƙi ba, zai fassara darasin Faransanci ne kawai da kalmomin Hausa, ya kai inda na kai a shekarata ta farko.

Da jikar tawa dai ba mu tsaya a biyar ba. Ta rubuta tafi, damtse, sangali, dungu, dagi, ta ƙara farce da yatsa a layi ɗaya, na ce in mushe ya soke ɗaya ta ce ya zo ya same ni. Daga nan na sa ta auna tabarmar zaure da kamunta, ta samu shida da ɗan guntu. Na auna da nawa, huɗu. Ta ce ɗayanmu ya yi ƙarya. Na ce ta sake aunawa. Ta sake, ta dube ni, ta kama hannuna ta jera da nata gwiwa da gwiwa, ta yi shiru. Can sai ta tashi da gudu ta shiga cikin gida, wai za ta ɗauko metir ɗin ɗinkin uwarta.